Kwana 11 a asibiti ba wanda ya leƙa: nazarin wata ikilisiya bayan ritayar fastonta

Wannan bayani a kan wata ikilisiya ne da ta shafe wata 24 tana laluben wanda ke da alhakin me, bayan faston da ya riƙe ta shekara 27 ya yi ritaya. Ni ne magatakardan majalisar dattawanta a lokacin, saboda haka yawancin abin da ke nan daga littafin taro na ɗauko shi, sauran kuma da idona na gani. Ba zan ambaci sunan ikilisiyar ko na mutanenta ba, muƙamansu sun wadatar. Lissafin watanni ya fara daga Lahadin da aka yi wa tsohon fasto ban kwana.

## Kafin ritaya

A rajista akwai mutum 310 daga gida 94. Ranar Lahadi akan samu kimanin 240 a sujada, ban da yara. Majalisar dattawa mai mutum 7 ce ke tafiyar da al'amura, jama'a ke zaɓen su duk shekara 3. Fasto ne shugabanta, shi kuma gundumar ɗarikar ke turo shi. Akwai mai bishara ɗaya, akwai ma'aji daga cikin dattawan, akwai shugabannin zumuntar mata da ta matasa.

Haka abin yake a takarda. A zahiri kuwa Baba Fasto ne komai. Shi ke wa'azi, shi ke sulhunta ma'aurata, shi ke zuwa asibiti, shi ke tsayawa wa iyali in ɗansu ya shiga rigima, shi ke sanin wanda ya rasa aiki tun kafin mutumin ya buɗe baki. Mu dattawa mukan zauna sau ɗaya a wata, ya faɗa mana abin da ya riga ya yi, mu ce madalla, ni kuma in rubuta.

Kundin tsarin ikilisiyar ya bayyana aikin fasto a layi 6: wa'azi, baftisma, jibin Ubangiji, ɗaurin aure, jana'iza, sai na ƙarshe, "kiwon garke". Biyar na farko kowa ya san ranarsu da lokacinsu. Na shida ba shi da rana, ba shi da iyaka, ba wanda kuma ya taɓa tambayar abin da ke cikinsa. Alhali kalmar fasto kanta daga harshen Latin take, ma'anarta makiyayi. Wato layin da aka bari a dunƙule shi ne ainihin sunan aikin.

Miƙa aiki ya ɗauki awa 2. An ba sabon fasto makullai, da rajista, da littafin baftisma, da hatimi.

## Waɗanda aikin ya faɗa hannunsu

Sabon faston yana da shekara 34. Ya koyar da lissafi a sakandare shekara 3 kafin ya shiga makarantar tauhidi, inda ya yi shekara 4. Yana karanta Sabon Alkawari da Helenanci. Ya kuma yi shekara 2 yana mataimaki a wata babbar ikilisiya mai ofis da sakatariya da jadawalin ganin fasto. Matarsa tana aiki a ɗakin gwajin jini, wani mako da rana wani mako da dare, ga ƙananan yara biyu.

Mai bishara yana da shekara 58. Kafinta ne, da sana'ar yake riƙe gidansa. Ya yi shekara 2 a makarantar Littafi Mai Tsarki tun yana saurayi, sannan shekara 22 a gefen Baba. Ya san kowane gida, ya san wanda ba ya ga maciji da wansa, ya san dalili. Sai dai ba a naɗa shi ba, don haka bisa dokar ɗarikar ba ya yin baftisma, ba ya ba da jibi, ba ya ɗaura aure.

Ma'aji mai binciken kuɗi ne da ya yi ritaya, shekararsa 66, irin mutumin da ko allura aka saya sai ya ga rasit. Shugabar zumuntar mata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce mai shekara 61. Ba ta da kujera a majalisa, kundin bai tanadar mata ba.

Kowannensu gwani ne a inda ya fito. Amma ba a taɓa zaunar da su wuri ɗaya an ce ga naka, ga naki ba.

## Wata na 1 zuwa na 5

Da farko sai yabo. Fasto ya fara bin wasiƙar Romawa sura bayan sura, matasa suna zuwa da littafin rubutu. Ya liƙa takarda a ƙofar ofis: yana nan Talata zuwa Jumma'a, daga ƙarfe 9 zuwa 1. A watan farko mutum 5 ne suka zo. Jama'ar da ta saba fasto ya yi sallama a ƙofar gida ba ta iya zuwa ofis ta zauna a benci tana jiran layi ba. Mai damuwa sai ya bi ta shagon mai bishara, ya faɗi tasa a tsakanin ƙarar zarto da guduma.

Nan ƙofa ta zama biyu. A wata na 2 wasu ma'aurata suka sami shawara iri biyu a mako ɗaya: mijin ya je ofis aka ce su zo tare a zauna sau 6, matar ta je shago aka ce ta yi haƙuri, za a yi wa mijin faɗa. Da labarin ya kai ga fasto, a taron wata na 3 ya ce yana so a riƙa sanar da shi kafin kowa ya je gidan wani da sunan ikilisiya. Na rubuta maganar kamar yadda ya faɗe ta. Mai bishara bai ce uffan ba.

Ajin baftisma ya tsaya mako 10, kowanne cikin su biyun yana zaton ɗayan ne zai ci gaba da shi. Kuɗin taimako ma ya tsaya, domin Baba yakan ba da shi daga aljihunsa ne ya karɓa daga baya, ma'aji kuwa ba zai fitar da komai ba sai da sa hannun da ba wanda ya san na wane ne.

A wata na 5 aka kwantar da wani dattijo, ba ɗan majalisa ba, a asibiti. Matarsa ta riga ta rasu, shi ne ya shekara da shekaru yana tarbar mutane a ƙofar majami'a. 'Yarsa ta gaya wa shugabar mata, ita kuma ta gaya wa mai bishara bayan sujada. Mai bishara ya aika wa fasto saƙo a waya ya jira a ce masa je ka. Fasto ya ga saƙon, ya ɗauka sanarwa ce cewa an riga an je. Shugabar mata ta tafi jinyar ƙanwarta a wani gari washegari. Dattijon ya rasu a kwana na 11.

Bayan jana'iza 'yar ta tsaya gaban fasto, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Fasto, duk wanda ya turo ƙofar ɗakin nan sai Baba ya ɗaga kai. Har ranar ƙarshe."

## Gwaji na farko, wata na 6 zuwa na 8: komai ta hannun fasto

Majalisa ta zauna awa 4. Aka tsayar cewa kai ɗaya ake so: duk labarin rashin lafiya, rasuwa, rikici ko buƙata ya tafi wurin fasto kai tsaye, shi zai je ko ya aiki wani. Mutum 6 suka yarda, 1 ya ƙi.

Fasto ya ɗauki abin da zafi. A wata 3 ya yi ziyara 71, na ƙirga su daga littafinsa. Ba a sake barin mara lafiya ba, wannan kam gaskiya ne. Amma darasin Romawa ya tsaya a sura 8, wa'azi ya koma abin da aka haɗa daren Asabar, a wata na 8 kuma shi kansa ya kwanta mako 2. Ga wata matsala da lissafi bai nuna ba: yakan shiga gida bai san tarihinsa ba. Sau ɗaya ya tambayi wata mata lafiyar maigidanta, ashe shekara 3 ke nan da rabuwarsu, kowa ya sani sai shi.

Mai bishara kuwa ya koma ɗan aike. In an aike shi ya je, in ba a aike shi ba yana shago. Jama'a suka rabu, wasu na cewa da tsohuwar zuma ake magani, wasu na cewa zamani ya canja. Ranar da mai bishara ya hau bagade ya ɗauki Ayyukan Manzanni 4:13, inda shugabannin Yahudawa suka yi mamakin Bitrus da Yahaya, marasa karatun malamai, suka kuma gane cewa sun zauna tare da Yesu. Mako na gaba fasto ya ɗauki 2 Timoti 2:15, a kan ma'aikacin da ke fassara maganar gaskiya daidai. Ba wanda ya kama suna, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Gardamar ta shigo majalisa. Wani dattijo ya buɗe 1 Timoti sura 3 ya ce a duba: duk abin da Bulus ya lissafa ga mai kula da ikilisiya hali ne, kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, riƙon gida, ba inda aka ambaci takardar shaida. Fasto ya amsa cewa akwai gwaninta guda ɗaya a jerin, ita ce iya koyarwa, ba kuwa da ka ake koyarwa ba. Ya ce Cocin Katolika ma, a babban taronta na Tirent, a 1563, sai da ta umarci a kafa makarantun horar da limamai saboda illar jahilcin masu wa'azi. Dattijon, wanda shi ma mai karance-karance ne, ya ce to Ambros fa, wanda mutanen Milan suka zaɓa bishof a 374 yana gwamna, ko baftisma ba a yi masa ba tukuna? Fasto ya ce Ambros ɗin bai zauna haka ba, karatu ya rungume. Na cika shafi 3 da wannan muhawara. Ba a ambaci ajin baftisma ko sau ɗaya ba.

Masu zuwa sujada sun sauka zuwa kimanin 190.

## Gwaji na biyu, wata na 9 zuwa na 12: karɓa-karɓa

Gunduma ta turo wani babban rabaran don sulhu. Ya saurari kowa, ya ce tunda rigimar ta fifiko ce, a raba daidai. Wa'azi mako ɗaya fasto, mako ɗaya mai bishara, Lahadin ƙarshen wata wani dattijo. Ziyara da shawara kuma a yi juyi, kowane mako da mai tsaro cikin mutum 9.

Habaici daga bagade ya tsaya nan take. Sauran kuwa sun lalace ta wata hanya. Mara lafiyar da ya yi wata ɗaya a kwance yakan ga fuska 4, kowanne sai ya ba shi labari daga farko. Maganar da aka faɗa wa mutum ɗaya a asirce sai ta bi hannu zuwa hannu da sunan miƙa aiki, kafin mako 3 ta zaga gari. Wata tsohuwa ta nemi jibin Ubangiji a gadon mutuwa a makon wani dattijo da ba shi da izinin ba da shi, aka yi ta neman fasto a waya. Ma'aji, da nasa makon ya zo, ya zauna gefen gadon wani ya shiga tambayar yadda asibitin ya lissafa kuɗin magani. Ya gano an yi kuskure kuwa, iyalin sun gode, amma ya fito bai yi addu'a ba, shi da kansa ya ba mu labari yana jin kunya. Ajin baftisma ya sami malamai 5 a mako 8, ɗaliban suka ragu daga 14 zuwa 6.

A wata na 12 dattijo ɗaya ya ajiye muƙaminsa. Ya ce shi ba mai wa'azi ba ne, an tilasta masa tsayawa gaban jama'a yana rawar murya, ya ishe shi.

## Wata na 13: ƙidaya

Ma'aji ne ya kawo shawarar, daga sana'arsa kuma ya ɗauko ta. Ya ce, "'Yan'uwa, sau biyu muna rabon kayan da ba mu ƙirga ba. A wurin aikinmu ba a yin haka." Ya nemi mako 4: kowa ya rubuta duk abin da aka nema a wurinsa da sunan ikilisiya, komai ƙanƙantarsa, da lokacin da ya ci. Ya kuma ce a je wurin Baba a tambaye shi yadda makonsa yake tafiya a dā, abin da ba mu yi ba shekara guda da ta wuce.

Mu uku muka je, ni da ma'aji da shugabar mata. Baba ya fara lissafi daga Litinin. Ma'aji ya tambaye shi, "Baba, ta yaya kake sanin wanda ba shi da lafiya?" Ya yi dariya ya nuna matarsa. "Ku tambayi Mama. Ni da safe take gaya mini inda zan je."

Mama ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafi mai baƙin bango, na bakwai a jerinsu. A ciki akwai sunayen gwauraye, da masu ciki da watan haihuwarsu, da masu ciwon da ba ya warkewa da ranar komawarsu asibiti, da yaran da suka bar makaranta, da ranar da kowane gida ya yi rashi, domin a leƙa su in shekara ta zagayo. Kowace Lahadi tana zaune a baya tana duba wanda bai zo ba. In mutum ya yi fashi sau 2 sai sunansa ya shiga. Shugabar mata ta ce, "Mama, me ya sa ba ki ba mu wannan ba?" Ta ce, "'Yata, makullai kuka tambaya. Ba wanda ya tambaye ni komai."

Da aka haɗa duka, ayyuka 43 suka fito. Guda 9 kawai ke buƙatar wanda aka naɗa. Guda 20 Baba ke yin su ko mai bishara, amma duk Kiristan da ya manyanta zai iya. Sauran 14 Mama ce ke yin su, ba albashi, ba muƙami, ba su cikin kundi, ranar da motar kayansu ta tashi kuma suka tsaya cak.

A zaman da aka karanta jerin, fasto ne ya yi magana mafi tsawo, a karon farko kuma ba don kare kansa ba. Ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 6 ya ce rigimar farko a ikilisiyar Urushalima ba ta koyarwa ba ce, gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci aka riƙa mantawa da su a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce komai ya biyo ta hannunsu ba, ba su kuma yi juyi ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum 7, irin su Istifanas da Filibus, dukansu kuwa masu sunan Helenanci, alamar an ɗauko su daga ɓangaren da aka yi wa sakaci. Ya karanta Yakubu 5:14, inda aka ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya, da jam'i. Ya tuna mana shawarar Yetro ga Musa a Fitowa 18, shugabannin dubu, ɗari, hamsin da goma. Ya ce a tsarin da Jon Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta, ya rubuta wa ikilisiyar birnin Janiba a 1541 muƙamai 4 ne, fasto da malami da dattijo da mai hidima, masu hidimar ma iri biyu: masu riƙe dukiyar taimako daban, masu kula da marasa lafiya daban. Nan ma'aji ya dubi shugabar mata, ya ce ashe shekara ɗaruruwa ke nan da aka raba mu.

## Wata na 14 zuwa na 20: sabon tsari

An raba gida 94 zuwa rukuni 8, kowanne gida 11 ko 12, da sunan mutum ɗaya a kansa. Fasto ya ce ba sabon abu ba ne: mabiyan Jon Wesli, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, a Biristol ta Ingila sun fara irinsa a 1742, rukunin mutum 12 da jagora mai zagayawa kowane mako. Asalinsa karɓar kwabo ɗaya-ɗaya ne don biyan bashin ginin taronsu, sai aka ga mai zagayawar ya fi kowa sanin halin da mutane ke ciki. Cikin jagororinmu, 5 dattawa ne, 3 jama'a ta zaɓa, 2 daga cikinsu mata. An cire ma'aji daga wannan, bisa roƙonsa.

Mai bishara ya zama shugaban jagororin 8, a wurinsa suke ba da rahoto, ba ya kuma jiran izinin kowa kafin ya je gidan kowa. An soke maganar wata na 3 a rubuce, fasto ne ya nemi a soke ta.

Littafin Mama ya koma hannun shugabar mata. Doka ɗaya aka kafa a kansa: wanda aka kwantar, wani ya je cikin awa 24, fasto kuma cikin kwana 3, ko nan take in ta ce abin ya yi tsanani. Shekarunta a jinya sun sa in ta ce a yi sauri ba a musu. An ba ta kujera a majalisa ba tare da ƙuri'a ba, iyakar abin da kundi ya bari ke nan.

Kuɗin taimako: ita da mai bishara za su iya fitarwa har zuwa wani adadi ba tare da jiran taro ba, su sa hannu su biyu, ma'aji ya duba a ƙarshen mako. Shi ya kawo 2 Korantiyawa 8, inda Bulus ya tafi da gudummawa tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi.

Wa'azi ya koma hannun fasto Lahadi 3 cikin 4, da ajin baftisma, da shawarar aure. Ta huɗu ta mai bishara ce. Dattawa ba dole.

Abu biyu da ba su cikin jerin 43 su ne suka fi cin lokaci. Ranar Talata da yamma fasto da mai bishara kan zauna su karanta nassin Lahadi tare. Fasto ya kawo abin da ke cikin littattafai, mai bishara ya ce masa wannan misalin kada ka yi shi, akwai wadda zai taɓa. Ranar Alhamis kuma su fita tare, gida 3 ko 4, mai bishara a gaba. A hanya yakan ba shi tarihin gidan, a ƙofa kuma ya ce, "Ga fastonmu na kawo muku." Sun gama gida 94 a wata na 20.

An karanta takardar rabon aiki a sujada Lahadi 3 a jere, an liƙa ta da lambar kowa. A ƙarshenta akwai layi ɗaya da ya jawo gunaguni: matar fasto ba ta da wani aiki da ya hau kanta saboda aurenta.

Ba komai ya tafi sumul ba. A wata na 15 aka sauke jagora ɗaya da ya kasa riƙe bakinsa. A wata na 16 wani gida daga masu ƙaunar mai bishara suka nace shi zai tsaya a auren ɗansu, fasto ya sa hannu kawai a takarda. Mai bishara ya ce musu, "Ni ba a naɗa ni ba, ba zan kuma ɗauki abin da ba a ba ni ba. Ku tashi mu je wurinsa." Ya rufe shago ya raka su har ofis. Daga wannan mako ban sake jin ana kiran kowa ɗan ɓangaren wane ba.

## Wata na 24

Daga wata na 14 an kwantar da mutum 17. An kai ga 15 cikin awa 24. Ɗaya iyalinsa ne suka ɓoye, ɗaya kuma jagoran ya yi tafiya bai bar wa kowa ba, aka kai kwana 3. An yi wa mutum 12 baftisma. Darasin Romawa ya kai ƙarshe. Masu zuwa sujada kimanin 225 ne, ba su koma 240 ba. Gida 6 sun koma wasu ikilisiyoyi, cikinsu har da na 'yar dattijon da ya rasu. Fasto ya je wurinta sau 2, ta karɓe shi da mutunci, ba ta dawo ba.

## Yadda na ga abin

Gwajin farko ya ɗauka matsalar ta iko ce, na biyu ya ɗauka ta adalci ce. Dukansu mutane suka jera, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya dubi aikin. Na uku ya yi tasiri domin ya fara da jerin ayyuka, sannan ya tambayi wanda rayuwarsa ta riga ta shirya shi ga kowanne: mai binciken kuɗi ga asusu, ma'aikaciyar jinya ga marasa lafiya, wanda ya shekara 22 yana shiga gidaje ga gidaje, wanda ya shekara 4 a kan nassi ga bagade. Gardamar karatu da daɗewa gaskiya ce, ta kuma yi zafi, amma a ganina hayaƙi ce. Su biyun suna faɗa a kan ayyuka 29, ba wanda ya san 14 sun ɓace.

Laifi kuwa ya zagaya. Fasto ya kafa doka a wata na 3 kan mutanen da bai sani ba tukuna. Mai bishara ya san dattijon nan shekara 22, asibitin ba shi da nisa, ya zauna jiran izini domin ransa ya ɓaci. Wannan ne abin da na fi kasa wucewa, shi ma ya faɗa da bakinsa cewa bai wuce shi ba. Baba ya riƙe komai da ƙauna, amma bai raini kowa ya gaje shi ba. Gunduma ta turo mutum da takardar naɗi kawai. Mafi nauyi kuwa namu ne, mu dattawa, da muka yi shekaru muna cewa madalla. Ni na rubuta takardar miƙa aiki, ni na lissafa makullai da hatimi, Mama na zaune a benci na biyu ban dube ta ba.

Tsarin ma bai kammala ba. Yanzu mai bishara yana da shekara 60, shugabar mata 63, littafin mai baƙin bango kuma ita kaɗai ke karanta shi. Maganar ƙuri'arta tana gunduma wata 9 ba amsa. Na sa batun naɗa mata mataimakiya a ajandar taro sau 2, sau 2 ana ɗage shi saboda gyaran rufin majami'a. Na sake sa shi a na wata mai zuwa, wannan karon a lamba ta 1.